Daga PS4 zuwa PS5: saita sabuwar fuskarta kafin ka shiga gem ɗin faɗa

Daren farko da PS5 ta kwana a ɗakina, na tashi daga wasa wajen ƙarfe ɗaya. Na danne maɓallin PS na tsakiyar fad, ina jiran jerin nan da ake kashe na'ura ta cikinsa ya leƙo daga hagu, yadda hannuna ya saba tun zamanin PS4. Bai leƙo ba. Sai ma ta ɗebe ni ta mayar shafin farko. Na sake dannewa, haka dai. Barci ya ci ƙarfina, na kashe talabijin na bi lafiyar katifa. Ita kuma da ta ji shiru sai ta shiga hutu da kanta, fitilarta ta koma ruwan lemo. Kafin asuba aka ɗauke wuta. Da hantsi na kunna, sai ga baƙin allo da wani layi yana jan jiki, wai tana duba ma'ajinta, daga nan ta ja min kunne cewa ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ban rasa komai ba ranar, amma gabana ya faɗi.

Sakacina ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai dai abin ya buɗe min ido. Fuskar nan da PS5 ta zo da ita a watan Nuwamba na 2020 an tsara ta ne da tunanin gidan da wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma ba a auna shi da gig. In ka bar ta yadda ta fito daga kwali, za ta sha maka data kana barci, ta cika ma'aji da bidiyon da ba ka nema ba, wani gem ɗin kuma ya buɗe maka da hoto mai kyau amma mai nauyi a hannu, ka yi ta shan kashi kana zargin kanka. Gyaran duka bai kai awa guda ba. Ga yadda nake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Fara da koya wa babban yatsanka sabon hali

A PS4, taɓa maɓallin PS sau ɗaya yana kai ka gida, dannewa kuma ya fito da ƙaramin jeri. A PS5 an juya abin. Taɓawa ɗaya ita ke fito da layin gumaka a ƙasan allo, wanda suka sa wa suna Control Center, gem ɗinka yana nan a baya bai rufe ba. Dannewa ce ke mayar da kai gida. Wannan kaɗai sai da ya ɗauke ni mako biyu kafin hannuna ya faɗa.

A layin nan komai na yau da kullum yake: sanarwa, abokai, sauti, makirfo, cajin fad, sannan can ƙarshen dama alamar kashewa. Ka tsaya a kan layin ka danna Options, za ka iya ɓoye gumakan da ba ruwanka da su. Ni na cire na kiɗa, layin ya gajarce, hanyar zuwa wurin kashewa ta ragu.

Akwai gunki guda da ke yaudarar mutane, Switcher. Yana nuna maka gem ɗin da ka buga kwanan nan, sai ka zaci duk suna nan a tsaye suna jiranka. Ba haka ba ne. PS5 gem ɗaya tak take riƙewa a buɗe. Kana tsakiyar faɗa a Ghost of Tsushima, ƙanenka ya karɓi fad ya buɗe ƙwallo, to na farkon ya rufe, abin da ba a adana ba ya tafi. Xbox Series ce ke da dabarar riƙe gem da yawa a lokaci guda, ita wannan ba ta da ita.

Shafin gida kuwa an raba shi biyu, Games da Media, wato wasa daban, kallo daban. Saituna suna sama ta dama, alamar nan mai kama da ƙaramar taya mai haƙora. Duk hanyoyin da zan faɗa nan gaba daga wannan alamar suke farawa.

Asusu: a nan ba a gyara kuskure

Ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusun PlayStation ita ce ƙasarka har abada, ba a canzawa. Yawancin masu wasa a wajenmu da Amurka ko Birtaniya suke buɗewa. Kowacce ka ɗauka, katin kuɗin da za ka riƙa saye dole ya zama na ƙasar, katin dala ba ya shiga asusun fam. Faifan gem shi ba ruwansa da yanki, na ko'ina yana tashi a kowace na'ura, amma ƙarin da ake sayarwa daga baya a kan gem ɗin sai ya dace da yankin faifan. Ka sayi faifan Turai, ka sayi ƙarinsa a asusun Amurka, kuɗinka ya shiga ruwa.

Da ka shiga asusun, wuce Users and Accounts, sai Other, sai Console Sharing and Offline Play, ka kunna. In ba ka yi haka ba, gem ɗin da ka saya ta intanet zai iya fito maka da alamar kwaɗo ranar da datarka ta ƙare. Kunna shi kuma yana ba sauran 'yan gida damar buga gem ɗinka da nasu sunan.

Mai sayen siririyar PS5 ɗin da ta fito a ƙarshen 2023 ya lura da abu guda: mazubin faifanta ana cire shi a mayar, kuma karon farko sai an haɗa na'urar da intanet kafin ta amince da shi. Kar ka kai ta ƙauye a kwali ba ka yi wannan ba.

Wuta

Nan ne gizo ke saƙa. Hutun nan da suke kira Rest Mode abu ne mai daɗi inda wuta take tsaye: gem yana nan inda ka bar shi, fad yana caji, sabuntawa tana sauka. Amma na'urar ba a mace take ba, kuma in wuta ta yanke tana tsakiyar rubuta wani abu a ma'aji, ana iya samun ɓaraka a ajiyar wasanka. Sau ɗaya ko biyu takan gyara kanta. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi ta gwada sa'arsa ba.

Shiga System, sai Power Saving. Abu uku za ka duba a ciki. Na farko lokacin da za ta jira kafin ta shiga hutu da kanta. In layinku ba tabbas, zaɓi kar ta shiga hutu sam, don ka saba da kashewa da hannunka. Na biyu abubuwan da za ta riƙa yi a cikin hutun: kashe zama a kan intanet, kashe kunna ta daga nesa. Na uku lokacin da fad zai mutu in an ajiye shi. Sa minti 10, batirin DualSense, wato fad ɗin PS5, ba shi da juriyar da za a bar shi yana ci a banza.

Kashewa ta gaskiya: taɓa PS, je ƙarshen dama, zaɓi Turn Off PS5, ka jira fitila ta gama ƙyaftawa ta mutu ɗungurungum kafin ka taɓa soket. Fari na nufin tana kunne, ruwan lemo hutu, duhu ne kaɗai mutuwa.

Ga wata dabara da ta sha fitar da ni. In kana da UPS irin na kwamfuta amma na'urar kaɗai ka jona, talabijin ya mutu da ɗauke wuta, ba ka ganin komai. Kar ka yi ta lalube da fad. Je jikin na'urar ka danne maɓallin wuta: ƙara ta farko hutu ce, ci gaba da dannewa har ka ji ta biyu, wannan ita ce kashewa. Wajen lissafin inbata ko ƙaramin janareto kuwa, ta farkon mai faifai an rubuta mata wat 350, a lokacin wasa takan ja wajen 200, ka ɗora na talabijin a kai. Janareton da ke hawa da sauka, sa stabilaiza a tsakani.

Zafi da ƙura su ma abokan gaba ne. Kar a cusa ta cikin durowar talabijin a rufe. A bar mata aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango. Lokacin hunturu, in hazo ya sauka, zare farin murfinta bayan ka cire ta daga wuta. Ta farkon tana da ramuka biyu da aka yi musamman don ƙura ta taru a zuƙe.

Data da ma'aji

Saved Data and Game/App Settings, sai Automatic Updates. Kashe duka biyun, saukewa da kanta da girkawa a cikin hutu. Sabuntawar gem guda takan kai gig goma ko fiye, kuma ba za ta tambaye ka ba. Na taɓa jona ta da wayata don in duba abu ɗaya a kantinsu, kafin in gama shan shayi saƙon ƙarewar data ya shigo. Daga ranar, in ina son sabunta gem, sai in tsaya a kansa in danna Options in nemi sabuntawar da kaina, a daren da na sayi data mai arha. Yawancin gem ɗin labari da ke kan faifai suna tashi ba tare da sabuntawa ba.

Sai Captures and Broadcasts. Nemo wurin kofuna, wato lambobin yabon da gem ke ba ka in ka cika wani aiki, ka kashe adana bidiyonsu. Yadda ta zo, duk kofin da ka ci sai ta yanki bidiyo na daƙiƙa 15 ta ajiye, ko da kofin na buɗe ƙofar farko ne. Bayan wata shida sai ka tarar da tarin shirgi.

Ma'ajin ta farkon gig 825 ne a rubuce, amma abin da ke hannunka wajen 667 ne. Siririyar ta 2023 tera 1 ce, PS5 Pro ta 2024 kuma tera 2. Manyan gem na yanzu kowanne kan ci daga gig 40 zuwa 100, kuma ko da faifai ka saya sai an kwafe shi gaba ɗaya ciki. Hanyar faɗaɗawa biyu ce. Hadis na waje ta USB: gem ɗin PS4 suna tashi kai tsaye daga kansa, na PS5 kuwa ajiya kawai, sai ka dawo da su ciki kafin ka buga. Duk da haka ya fi gogewa, domin dawo da gem daga hadis minti kaɗan ne, sake sauke shi kuwa kuɗi ne. Hanya ta biyu ita ce M.2 SSD da ake sakawa a wani rami ƙarƙashin murfi, wadda aka buɗe damarta a watan Satumba na 2021. Sai irin Gen4, mai saurin karatu 5,500MB a daƙiƙa ko sama, da ƙarfen shanye zafi a jikinsa.

Abu ɗaya da ban so ba a sabon tsarin: ajiyar wasan PS4 kana iya kwafe ta a filash, ta gem ɗin PS5 kuwa ba a kwafe ta ɗai-ɗai. Ko dai ka biya PS Plus, tsarin biyan kuɗi na PlayStation, ta hau ma'ajinsu na intanet, ko ka yi wa na'urar kwafin gaba ɗaya ta Back Up and Restore. Ni duk wata nakan yi na biyun.

Kayan tsohuwar PS4 ɗinka kuwa, System, sai System Software, sai Data Transfer, ka haɗa su biyun da wayar LAN. Ya fi wayales sauri nesa ba kusa ba. Tsohon fad ɗinka zai yi aiki, amma a gem ɗin PS4 kawai.

Talabijin da fad: inda ake cin faɗa ko a sha kashi

Kafin ka taɓa komai a na'urar, ɗauki rimot ɗin talabijin ka nemo Game Mode a saitin hoto. Talabijin na zamani yakan tsaya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna, wannan ɗan jinkirin ba ka ganinsa a fim, amma a gem ɗin da ake tare sara cikin ƙiftawar ido shi ne bambancin rai da mutuwa. Ƙanena ya yi kwana uku yana cewa, "Yaya, fad ɗin nan naka ya lalace, ina dannawa ba ya ji." Fad lafiyarsa ƙalau. Muka kunna Game Mode, a take ya fara tare sara.

Yi amfani da wayar HDMI da ta zo a kwali. A Screen and Video, bar girman hoto a kan zaɓin kai-da-kai. Hoto 120 a daƙiƙa a girman 4K, da VRR mai daidaita saurin talabijin da na gem, sai talabijin mai HDMI 2.1, in naka ba shi da shi kar ka wahalar da kanka. HDR kuma, saitin ƙara wa hoto haske da launi, a talabijin mai araha sau da yawa dusashe hoto yake yi maimakon ya haska shi. Gwada gem ɗaya da shi, gwada babu shi, ka bi idonka.

Yanzu saitin da na fi ƙauna a duk sabuwar fuskar, kuma an binne shi inda ba mai gani: Saved Data and Game/App Settings, sai Game Presets. A nan kake faɗa wa na'urar halinka sau ɗaya, gem ɗin da suka san da tsarin su ɗauka da kansu: matakin wahala, rubutun magana a ƙasan allo, juyin kyamara, da zaɓi tsakanin Performance da Resolution. Ɗauki Performance. Dalili: Resolution yakan ba ka hoto 30 a daƙiƙa mai tsananin kyau, Performance ya ba ka 60. A 30, kowane hoto yana tsayawa ninki biyu na lokacin da zai tsaya a 60, don haka hannun abokin gaba in ya ɗaga takobi, rabin motsin kake gani. Daga kan kujera, taku uku daga allo, da wuya idonka ya raba kyan biyun. Hannunka kuwa zai raba su a faɗan farko. Ba kowane gem ke bin wannan saitin ba, saboda haka ka leƙa saitin cikin gem ɗin ma.

A Accessories za ka samu ƙarfin girgizar fad da taurin L2 da R2. Kar ka kashe su tun yanzu, sai ka ɗanɗana. In caji ya dame ka daga baya, sauke su zuwa matsakaici, ka rage hasken fitilar fad. A Sound kuma, sa makirfon fad ya riƙa farawa a kashe, in ba haka ba duk hirar ɗakinku tana tafiya ga baƙin da kake wasa da su. Ƙaramin maɓallin da ke ƙarƙashin PS, taɓa shi yana kashe makirfo, danne shi kuma yana ɗauke duk sautin na'urar. In aka kira salla ko Baba ya yi sallama a ƙofa, shi ne mafi kusa da yatsa.

To, sai wasa: da wanne za a fara

Astro's Playroom yana cikin na'urar kyauta. Mutane suna tsallake shi don ya yi kama da na yara. Ba shi awa ɗaya. Shi zai nuna maka abin da fad ɗin ke iyawa: takun ɗan mutum-mutumin a kan yashi daban yake a tafin hannunka da takunsa a kan ƙarfe ko ƙanƙara, R2 kuma ya yi tauri in kana jan baka.

Daga nan Spider-Man, ko na Miles Morales na 2020 ko na biyu da ya fito a watan Oktoba na 2023. Shi ne mafi sauƙin shiga. Riƙe R2 ka yi ta lilo tsakanin benayen New York, faɗan kuma yana yafiya, alama tana fitowa a kan jarumin kafin duka ya iso. A na biyun ne na fara yarda cewa saurin ma'ajin nan ba talla ba ce: ka zaɓi wuri a taswira, kan ka ce kwabo kana can, babu allon jira. Aibinsa a wurina, in ka yi awa goma ayyukan gefe sukan fara kama da juna.

Ghost of Tsushima shi na fi daɗewa a kai, kuma shi nake ba wanda yake son ya koyi faɗan takobi na natsuwa. Kamfanin Sucker Punch ya fitar da shi a 2020, aka sake shi da ƙari a PS5 a 2021. Labarin ya ginu a kan harin da Mongol suka kai tsibirin Tsushima na Japan a 1274, kai ne Jin Sakai. Abin da ya burge ni, allon kusan fayau yake, babu ƙaramar taswira a kusurwa. Ka shafa yatsa sama a kan faifan taɓawa na fad, iska ta taso, ciyawa ta kwanta ta nuna maka hanya. Bayan cunkoson katuna da gumakan shafin gida, wannan kamar fita daga kasuwa ne zuwa gona. Faɗansa tsayuwa huɗu ne: ta Dutse don masu takobi, ta Ruwa don masu garkuwa, ta Iska don masu mashi, ta Wata don ƙattai. Riƙe R2 ka canza, lokaci yana lafawa kaɗan don ka zaɓa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya tsaya a tsayuwa ɗaya yana ta sara garkuwa kamar mai faskare. L1 ake tarewa da shi, kuma in ka danna daidai lokacin da saran zai sauka, abokin faɗan ya buɗe. Jan ƙyalli a makami na nufin kar ka tare, kauce da O. In kyamara tana ruɗa ka cikin taro, akwai saitin kulle ido a kan mutum ɗaya da aka ƙara daga baya, kunna shi.

God of War Ragnarök na Nuwamba 2022 ya fi su nauyi a hannu. Kyamara tana manne da kafaɗar jarumin, Kratos, ba ka ganin bayanka, sai kibiyoyin da ke kewaye da shi su gaya maka ta inda hari ke zuwa. Koyi launuka uku kafin komai: zobe rawaya a tare shi daidai lokaci, ja a kauce, shuɗi a taɓa L1 sau biyu a katse shi da garkuwa. Jifa da gatari ka kira shi ya dawo tafin hannu, fad ya yi wani ɗan tsalle, har yau bai gundure ni ba. Abin da ya gundure ni shi ne abokan tafiya da ba sa barin mutum ya yi tunani, ka tsaya kallon wani wasan ƙwaƙwalwa kaɗan sai su faɗa maka amsa. Matakan wahalarsa biyar ne. Fara da na tsakiya, ba abin kunya ba ne ka sauka in wani bos ya tsare ka kwana biyu. Labarinsa tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ne na da, su Odin da Thor, kuma shi da Ghost of Tsushima duk na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin Turai. In akwai yara a gida, buɗe musu nasu sunan a Family and Parental Controls ka sa iyakar shekaru. Ghost yana da wurin kashe nuna jini, in ana kallo tare.

Biyun ƙarshe sai ka duba halin wutarku kafin ka saya.

Returnal na 2021 shi ya fi kowanne amfani da fad ɗin. Ja L2 rabi, ya tsaya a wani ɗan tudu, kana saiti ke nan. Matsa shi ya wuce tudun, bindiga ta koma harbi na biyu. Ruwan sama yana sauka a tafin hannunka ɗigo-ɗigo. Amma tsarinsa shi ne in ka mutu ka koma inda jirgin jarumar, Selene, ya faɗi, ka faro daga tushe, kuma zagaye ɗaya yakan ci awa biyu ko uku. Da ya fito babu adanawa a tsakiyar zagaye ko kaɗan. Daga baya a shekarar aka ƙara damar dakatarwa ka fita, sai dai da ka dawo ajiyar ta goge, kuma ba a yin ta ana tsakiyar faɗa. Ma'ana, ɗauke wuta daidai yake da mutuwa. In ba ka da sola ko inbata, bar shi a kanti.

Elden Ring na Fabrairu 2022 ya fi shi tausayi ta wannan fuskar, yana adanawa a kai a kai, ɗauke wuta ba ya mayar da kai nesa. Rashin tausayinsa a wani wurin yake. Babu matakin sauƙi, babu tsayar da wasa. Ka buɗe jerin kayanka ko ka taɓa PS, duniya tana ci gaba, ana iya kashe ka kana amsa waya. In za ka tashi salla, zauna a wurin hutawa mai hasken zinariya tukuna, ko ka fita zuwa shafin farkon gem ɗin. Kana fitowa fili na farko za ka ga wani mahayi cikin sulken zinariya yana kai-komo. An ajiye shi ne don ya koya maka cewa ba kowane faɗa ne naka na yau ba. Ni sai da ya kashe ni ya fi sau goma kafin na gane. Kewaye shi, bi hanya har ka samu dokinka, ka gangara kudu ka tara ƙarfi, ka zuba abin da ka tara a Vigor, wato yawan ranka, sannan ka tunkari bos ɗin da ake kira Margit a ƙofar ganuwa. Wani abin mamaki: sigar PS4 ta gem ɗin, in aka buga ta a PS5, ta fi sigar PS5 riƙe hoto 60 daram. Gem ɗin da ke da siga biyu, duba alamar da ke gefen sunansa a shafin gida, ka canza ta wurin ɗigo uku, don kar ka kashe data a kan wadda ba ita kake so ba.

Katuna, jeri da shafin maraba

Katunan da ke fitowa saman Control Center su aka fi tallatawa da farko: ka zaɓi wani aiki a cikin gem, ta kai ka kai tsaye, wani lokacin har da kiyasin mintunan da zai ɗauka. A Spider-Man sun yi min amfani, musamman in na san saura rabin awa a kashe janareto. A yawancin sauran gem ban ko kalle su. Abin da ya fi su amfani a wurina shi ne Gamelists da aka ƙara a 2022, a cikin Game Library, inda kake tara gem rukuni-rukuni, har jeri 15. Nawa uku ne: na faɗa, na ƙwallo don baƙi, da waɗanda ke kan hadis. Shafin maraba da ya zo a Satumba 2024 kuwa, cire komai ka bar allon cajin fad da na sauran ma'aji.

Ranar da ta ƙi tashi daidai

In an ɗauke wuta tana kunne, ka kunna ta ka ga tana duba ma'aji, kar ka taɓa komai, bar ta ta gama. In bayan nan shafin gida ya yi nauyi, ko wani gem ya ɓace daga jeri, ko yana rufe kansa, kashe ta gaba ɗaya. Danne maɓallin wuta na jikinta, ka ji ƙara ta farko, ka ci gaba har ta biyu bayan kamar daƙiƙa bakwai, sannan ka saki. Jona fad da wayar USB, domin a wannan shafin ba ya aiki ta iska, ka taɓa PS. A jerin da zai fito zaɓi Clear Cache and Rebuild Database, sannan sake gina ma'ajiyar bayanan. Ba ya goge gem, ba ya goge ajiyar wasa, jera kayan kawai yake sake yi. Waɗanda ke ƙasansa masu ɗauke da kalmar Reset PS5 su ne masu share komai, kar yatsanka ya kai can sai kana da kwafin da ka yi a hadis.